Gidan Hayar Ummussalma

*Shafi na 19*

Da sunan Allah nake farawa. Masu turo min saƙo cewa na bar Ummussalma a cikin mota na tafi harkokina, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa ruwan wanki. Wannan shafin naku ne, ku masu adashe da niyyar sayen fili. Ku karanta a tsanake.

*

Motar ba ta gama tsayawa a tashar Birnin Kudu ba wayar Ummussalma ta sake ɗaukar ƙara. Lailatu ce dai, ma'aikaciyar jinyar da ta kama ɗaki na huɗu, wanda shi kaɗai ya rage a sabon gidan hayar.

"Hajiya, kin kusa kuwa?"

"Ga ni a tasha. Ki kwantar da hankalinki."

"Mai motar kaya sai faɗa yake yi, wai wani aikin na jiransa. Matar nan kuma ta ce ba inda za ta."

"Har yanzu ba ta faɗi ko ita wace ce ba?"

"Ta ce sai kin zo."

Ummussalma ta kashe wayar ta tari adaidaita. Tun da ta taso daga garinsu Gwaram take tunanin ginin nan. Shekaru ta ɗauka tana sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Sara lokacin kaka, ta ajiye, ta fitar idan sun yi daraja. Sai da ta haɗa da shanun da ta gada wajen mahaifiyarta kafin ta iya sayen kangon nan, ta rushe, ta jera ɗakuna huɗu kowanne da banɗakinsa. Uku sun samu 'yan haya. Jiya mai fenti ya gama na huɗun, ya ce a bar ƙofar a buɗe ɗakin ya sha iska. Ita da bakinta ta ce masa ya bari.

A ƙofar gidan ta tarar da a-kori-kura shaƙe da kaya, an ɗaure katifa a sama. Lailatu na tsaye rungume da fanka, ta rasa inda za ta ajiye ta. Matan 'yan haya kuwa kowacce na leƙe ta bayan labule, ba wadda ta fito.

Abin da ya fara tarbar Ummussalma hayaƙi ne.

A tsakar gida, dab da bangon da aka yi wa fenti jiya, an kafa duwatsu uku an ɗora 'yar tukunya. Hayaƙin har ya yi wa bangon baƙin tabo.

Ta yi sallama a bakin ɗakin.

Matar na zaune a kan tabarma, siririya, hijabinta ya koɗe. Ba za ta wuce sa'ar ƙanwar Ummussalma ba. Ƙaramar yarinya na barci a cinyarta, wata 'yar babba na rakuɓe a lungu tana kallon ƙasa. Kayansu gaba ɗaya jakar bakko biyu ce da bokiti.

"Baiwar Allah, sannu."

"Yauwa, sannu Hajiya. Ke ce mai ginin?"

"Ni ce mai gidan."

"Ginin dai," in ji matar, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ginin naki ne, ban musa ba. Ƙasar da yake kai ce ba taki ke kaɗai ba."

Ummussalma ta dafa ƙofa.

"Ban gane ba."

"Sunana Hadiyya. Ni 'yar marigayi Malam Barau ce. A gidan nan aka haife ni. Inda kika yi banɗakin can, nan ne ɗakin Innarmu."

Sunan ya daki Ummussalma, don ta taɓa jin sa. Ranar ciniki, a gaban dillali da shaidu, ta tambayi Ɗayyabu, wanda ya sayar mata, ko akwai wasu magada. Ya ce ƙanwa gare shi guda ɗaya, tana aure a Dingaya, kuma ta yafe masa kasonta tuntuni. Dillali ya gyaɗa kai ya ce kowa ya san da haka. Ummussalma kuma tana tsoron kada wani ya riga ta, ga fili kusa da titi, ga wuta ga ruwa. Dingaya kuwa ƙasarsu ce ta Gwaram, da ta so da ta je ta ji daga bakin mai ita. Ba ta je ba.

"An ce min kin yafe."

"Wa ya ce?"

"Yayanki Ɗayyabu."

Hadiyya ta yi wani ɗan murmushi da bai kai ido ba.

"Ban ma san an sayar ba, balle na yafe. Mijina ya daɗe a kwance, ni ke jinyarsa, ko ƙofar gida ba na leƙawa. Da Allah ya karɓi abinsa na gama takaba, aka raba gida. Abin da ya faɗo mana ni da yaran nan bai kai ɗaki guda ba. Na ce to, bari na koma kangon Babanmu, ko rumfa ce na kafa."

Ta gyara wa yarinyar kwanciya.

"Jiya da yamma na sauka, na rasa gane unguwar da na tashi a ciki. Na yi ta zagaye da yara, sai da na ga dalbejiyar ƙofar gida sannan na yarda nan ne. Na ga ɗaki a buɗe na shiga. Ban ɓalle miki komai ba."

"Shi yayan naki yana ina?"

"An ce ya koma Unguwar Ya wajen dangin matarsa. Na kira shi, yana jin muryata ya kashe wayar."

Daga bayan Ummussalma Lailatu ta ce, "Hajiya, ni dai na riga na biya, kuma gobe da safe ina da aiki."

Mai a-kori-kura ya danna hon a waje. Mijin matar ɗaki na ɗaya ya leƙo yana gyara hula.

"Hajiya, da kin kira 'yan sanda kawai. Wannan ai kutse ne, yanzun nan za su fitar da ita."

Har Ummussalma ta laluba lambar a wayarta. Sai 'yar babbar yarinyar ta ɗago kai jin an ambaci 'yan sanda, ta rarrafa ta ƙanƙame hannun uwarta. Ummussalma ta kalli yarinyar, ta kalli wayar, ta fita soro ta kira Gwaggo Mero.

*

Gwaggo Mero ƙanwar mahaifinta ce, ta tsufa a harkar gidajen haya a Birnin Kudu. Ba a jima ba adaidaita ya sauke ta, tana dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Ba ta shiga ciki ba. Ta sa aka ajiye mata kujera a soro, ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ba.

"Ummu, me na ce miki ranar da kika zo min da zancen filin nan?"

"Kin ce na ga magada."

"Cewa na yi ki gan su da idonki. Kowa ya faɗa da bakinsa, mace ko namiji, ko a gadon asibiti yake. Na ce ki shiga wajen tsofaffin matan maƙwabta, ki zauna, ki sha ruwansu, ki tambaye su 'ya'ya nawa mai gidan ya bari. Su ba la'ada suke jira ba. Dillali zai gaya miki abin da zai ɓata masa ciniki?"

"Gwaggo, ai akwai takarda, da shaidu."

"Shaidun wa ya kawo su?"

Ummussalma ta amsa a hankali.

"Ɗayyabu."

"To kin gani."

Hawayen da Ummussalma take ta riƙewa suka zubo. Ta sa bakin mayafi ta share, wasu suka biyo.

"Duk abin da na mallaka yana cikin ginin nan. Har shanun Inna."

Muryar Gwaggo ta sauko.

"Na sani. Daina kuka a gaban 'yan haya, su ma hankalinsu zai tashi. Ni da kike gani, gidana na bayan kasuwa sau biyu na saye shi. Na gama gini na zuba mutane, wani ya dawo daga Sudan da farin gemu ya ce da kasonsa a ciki. Kuma da gaskiyarsa. Ban mutu ba, ga ni zaune."

"To yanzu yaya zan yi?"

"Ki fara da yarinyar can mai fanka. Yau ita ta fi kowa haƙƙi a kanki, don kin karɓi hayarta. Idan kika bar ta a titi, gobe duk abokan aikinta za su ji cewa gidanki gidan rigima ne, kuma irinsu ne masu biya a kan lokaci. Akwai ɗaki da ya tashi a gidana na hanyar asibiti, a kai kayanta can. Kuɗin motar ke za ki biya, kuma ki ba ta haƙuri da bakinki."

"To."

"Zancen 'yan sanda kuwa ki cire shi daga ranki. Ki fitar da mace da marayu daga gidan ubanta, a gaban mutanen da suka san ta tun tana rarrafe? Ko kin ci shari'a ba za ki ƙara jin daɗin unguwar nan ba. Kuma gidan haya maƙwabta ne ke riƙe shi, ke kina can Gwaram."

"Idan na bar ta kuma ta zaune ɗakin fa?"

"Shi ya sa za ki faɗa a gaban mutane cewa baƙuwarki ce har mai unguwa ya zauna. Kada ki ce gidanki ne ke kaɗai, kada ki ce nata ne. Ni zan aika wa mai unguwa, shi ya san yadda zai nemo Ɗayyabu."

Haka aka yi. Lailatu ta ɗan ɓata rai, amma da ta ji ɗakin ya fi kusa da wajen aikinta sai ta sassauta. Motar kaya ta juya. Ummussalma ta kira maigidanta Malam Hamisu ta gaya masa halin da ake ciki, ya ce ta bi shawarar Gwaggo, kada ta yanke komai cikin fushi.

Da ta koma tsakar gida wutar ta mutu. Ta buɗe tukunyar. Ruwa ne da ɗan tsakin masara, ba mai ba gishiri.

Ta mayar da murfin a hankali. Ta shiga wajen matar ɗaki na biyu ta roƙi abin da suka dafa, aka zubo mata shinkafa da wake da mai da yaji a babban kwano. Ita da kanta ta kai ɗakin ta ajiye a gaban yaran.

Ba su taɓa ba sai da uwar ta gyaɗa musu kai.

Hadiyya ta ce, "Na ɓata miki bango. Ban lura sabon fenti ba ne. In akwai omo zan wanke."

"Bar shi. Ki ci abinci."

"Ni ba rigima na zo yi ba, Hajiya. Da ina da inda zan sa kaina da ba ki gan ni ba."

Ummussalma ta zauna a bakin tabarmar. Ta zo da niyyar ganin 'yar damfara, ta tarar da mace irinta, wadda ita ma gadon iyayenta ne kaɗai abin da ta dogara da shi. Ƙaramar yarinyar tana cusa shinkafa hannu baka hannu ƙwarya, har ta ƙware. Ummussalma ta miƙa mata ruwa tana bubbuga mata baya.

"Yaya sunanta?"

"Safara'u. Sunan Innarmu ne."

*

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Mai unguwa ya ce tunda maganar fili ce, a bakin filin za a yi ta. Matashi ne, bai daɗe da gadon mahaifinsa ba. Dattawan da suka fito daga masallaci suka zazzauna, har da limamin unguwa, Malam Badaru, tsoho tukuf wanda idonsa ya yi rauni. Matan suka zauna daga bakin soro.

A bayan babur aka kawo Ɗayyabu. Ummussalma ta kusa kasa gane shi. Ranar ciniki da babbar riga ya zo, yau wata tsohuwar taguwa ce a jikinsa, ƙafafunsa duk taɓon gona. Bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

Mai unguwa ya ce, "Ɗayyabu, ka san wannan?"

"Ƙanwata ce, ranka ya daɗe."

"Ta yafe maka kasonta na gidan nan?"

Ɗayyabu ya kawar da kai gefe.

"Da kai nake."

"Ba ta yafe ba."

Wani dattijo ya yi salati ƙasa-ƙasa.

"To me ya sa ka ce wa baiwar Allah nan ta yafe?"

Ɗayyabu ya sa hannu ya share fuska.

"Ruwa ya cinye min shinkafa damina biyu a jere. Gidana ba ko tiya guda. Na ce zan sayar na tayar da komaɗa, in na farfaɗo na kai mata nata har Dingaya. Ban farfaɗo ba. Da na ji mijinta ya rasu na so zuwa ta'aziyya, kunya ta hana ni."

"Yaya, ko gaisuwa," in ji Hadiyya. "Na yi ta kallon ƙofa duk kwanakin zaman makoki."



Mai unguwa ya juya wajen dattawa suka yi 'yar magana, sannan ya gyara zama.

"Abin a fili yake. Ku biyu Malam Barau ya bari, mahaifiyarku kuma ta riga shi. Namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya. Ɗaya bisa uku na wurin nan na Hadiyya ne, ba ka da ikon sayar da shi. Yanzu ko ka biya ta, in ta yarda, ko ka ba ta wani abu a madadinsa. Gonar da kake nomawa a Unguwar Ya fa?"

"Aro ce, ranka ya daɗe. Ta surukaina ce."

"Kana da wata kadara?"

"Babu."

Kowa ya san inda maganar ta dosa, ba mai son ya fara faɗa. Idan mai sayarwa ba shi da komai, a kan mai saye nauyin yake komawa.

Ummussalma ta ji duk idanu sun dawo kanta. Ta tuna lissafin da ta sha yi, cewa hayar ɗaki na huɗu ita ce za ta riƙe karatun 'yarta ta fari. Ta waiga cikin soro. Safara'u ta yi barci a kan ɗankwalin Gwaggo Mero, hannunta har yanzu da maiƙon abinci.

"Ranka ya daɗe, zan iya magana?"

"Bismillah, Hajiya."

"Ni ma da laifina, da na bincika da ba a zo nan ba. Ɗakin da take ciki ta ci gaba da zama, ita da 'ya'yanta. A ƙiyasta kasonta a ga abin da ɗakin ya ɗauke. In da saura sai mu san yadda za mu yi a hankali. Tsakanina da Ɗayyabu kuma wannan daban ne, ban yafe ba, amma ba yau ba."

Gwaggo Mero ta ɗan zungure ta da gwiwar hannu, ta ɗaga murya yadda maza za su ji.

"A ƙara da cewa ba da baki za a bar shi ba. A kira masu awon fili su auna, a rubuta, ita Hadiyya ta sa hannu da kanta, shaidu kuma kowane ɓangare ya kawo nasa. A kai gaban alƙali ya tabbatar. Yau kowa na tausayin kowa, amma yaran nan za su girma, su ma su yi nasu 'ya'yan."

"Hajiya Mero ta yi gaskiya," in ji mai unguwa. "Hadiyya, kin amince?"

Hadiyya ta rufe fuska da hijabi tana kuka. Dattawa suka shiga sa wa Ummussalma albarka. Ita kuwa ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Ɗaki ɗaya ya tafi, amma uku na nan, kuma za ta iya shiga unguwar nan ta fita ba mai nuna ta da baki.

Mai unguwa ya ɗaga hannu zai ce a shafa fatiha.

"Ranka ya daɗe, a dakata."

Hadiyya ce. Ta sauke hijabin daga fuskarta, idanunta sun yi ja.

"Hajiya ta yi min abin da ɗan uwana bai yi min ba. 'Ya'yana sun ci abincinta. Ba zan iya karɓar ɗakinta kuma na rufe ta ba."

Ta juya ta kalli yayanta.

"Yaya, za ka faɗa musu ko ni na faɗa?"

Ɗayyabu ya ɗago a firgice.

"Hadiyya, ki rufa min asiri."

"Na rufa maka nawa, na haƙura. Wannan ba nawa ba ne."

"Don Allah, don darajar Inna."

Mai unguwa ya ce, "Ɗayyabu, yi shiru. Faɗi, muna jin ki."



"Babanmu ya yi rayuwarsa yana karantar da yaran unguwar nan a soro. Burinsa ya ga an yi musu Islamiyya mai aji da allo, su daina zama a ƙasa. Yana da ransa da lafiyarsa ya tsaya a ƙofar gidan nan ya ce gaban gidan ya bayar waƙafi, a gina makaranta. Ya ce kada ni ko Yaya wani ya sa shi a cikin gado. Ni na kawo musu ruwan sha a ranar, da kunnena na ji."

Ummussalma ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ko yarinya ta san hukuncin waƙafi. Ba a sayarwa, ba a gada, kuma ba mai ikon yafe shi. Hayar ɗakunan gaba kuwa ta riga ta karɓa, da ita ta yi cefane, da ita ta ɗinka wa yara kayan makaranta.

Ta laluba hannun Gwaggo Mero.

Mai unguwa ya ce, "Wannan babbar magana ce, Hadiyya. Ni ban taɓa ji ba. Kina da shaida?"

"Mutum biyu ya kira. Ɗayan na ji an ce ya rasu."

"Ɗayan fa?"

"Ni ne."

Kowa ya juya. Malam Badaru ne, hannayensa biyu a kan sandarsa.

"Barau abokina ne tun muna yara. A gabana ya faɗa. Lokacin da aka fara ginin nan ina Kano wajen ɗana, ana yi min aikin ido. Da na dawo na tarar har an yi rufi, na aika aka kira min yaron nan. Ya rantse min ya musanya wa makaranta wani fili a bayan gari, wanda ya fi wannan girma, ya ce da sanin wadda ta saya. Na ce ko da haka ne bai kamata ya yi gaban kansa ba, amma tunda an riga an yi, zan je na gani idan na samu sauƙi."

Ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin Ɗayyabu.

"Ɗayyabu, akwai filin?"

Ɗayyabu ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

"Ina tambayarka a gaban Allah. Akwai filin?"

"Babu, Malam."

Tsohon ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Allah ya yafe min sakacina."

Ummussalma ta juya wajen Malam Badaru.

"Allah gafarta Malam, daga ina zuwa ina ya bayar?"

"Daga bakin titi ya fara. Ƙarshen kuwa sai na taɓa zan gane. Tsohuwar katangar maƙwabta tana nan?"

"Tana nan, ban taɓa ta ba."

"Akwai inda ta yi kwana. A nan Barau ya soka sandarsa."

Mai unguwa ya kama shi ya miƙe. Matan suka dare suka ba shi hanya a soro. Ya shiga tsakar gidan, hannunsa na hagu a jikin tsohuwar katangar ƙasa yana shafawa, sandarsa na ƙwanƙwasa sabon daɓen siminti. Jama'a suka bi bayansa. 'Yan haya suka fito suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofofinsu.

Ummussalma na biye da shi, tana ta maimaita addu'a ɗaya a zuci.

Ya wuce ƙofar ɗaki na ɗaya.



Ya iso ƙofar ɗaki na biyu, matar ɗakin ta janye yaronta daga hanya.

Malam Badaru bai ko rage tafiya ba.